Mun Riƙa Jefa Masa Ta Dama

In kana son ka ga dattawa masu jikoki sun miƙe za su ba hamata iska, shigo shagon askina ka ce Danƙo ya fi iya wasan kurket a kan tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Ko ka faɗi akasin haka, duk ɗaya ne. Tela zai ajiye jarida ya ce kai yaro ne, ba ka ga ranar da mutumin nan ya tare fenariti biyu a wasan ƙarshe na cin kofi ba, na biyun ma da yatsa a karye. Malamin lissafi, wanda ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba, zai ce ƙwallon ƙafa ai balam-balam ce, kowane ƙato ma ya cafe, je ka tsuguna bayan sandunan kurket a wurgo maka abu mai taurin dutse ka gani. Shi kuwa Danƙon yana zaune a kujerarsa yana murmushi, ba ya raba gardama. In an matsa masa sai ya ɗaga hannayensa ya ce, "Ni dai na san duka biyun sun karya mini yatsu."

Ubansa mai yankan ciyawa ne a filin wasan kamfanin saƙa, kuma a bayan filin aka haife shi, a layin ɗakunan ma'aikata. Fili ɗaya ne, wasa biyu. In ruwa na zuba a buga ƙwallon ƙafa, in ƙasa ta bushe a daddale tsakiya a kafa sanduna a koma kurket. Shi duka biyun aikinsa ɗaya, abin da aka jefo kada ya wuce shi. Da damina gola ne, da rani shi ne mai tsugunawa bayan sanduna da manyan safar hannu. Wai duk abin da ya taɓa tafinsa sai ya manne, shi ya sa aka ce Danƙo, har sunan yanka ya ɓace. Shekara goma sha huɗu yana yi wa kamfanin wasa, ya ɗauko kofi biyar na ƙwallo, uku na kurket. Babbar ƙungiya ta wani gari ta aiko da mota a tafi da shi, ya ce wa zai kula da tsoho. Da gwiwa ta ce ta gaji, sai aka ba shi makullan sito ya riƙe har ya yi ritaya. Daga baya kamfanin ya rufe, filin ya zama wurin ajiye manyan motoci, ciyawar da ubansa ya yi rayuwarsa yana yankewa yau baƙin mai ne a kanta. Abin da ya rage na wancan zamani sai hotuna biyu da ke jikin bangon shagona, sai kuma bakinmu.

Bakin namu kuwa ba ya gajiya. Kowa yana da nasa labarin, kuma kowace shekara labarin sai ya ƙara ƙiba. Ni kaina na haura katanga na kalli wasan fenaritin nan, na yage wando, na sha bulala a gida, kuma wallahi da za a maimaita da na sake haurawa. Ina son mutumin nan. Ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

To, muna da wata ɗabi'a a shagon, tun ranar da na buɗe shi shekara ashirin da shida da suka wuce. Danƙo yana zuwa da hantsi ya zauna a kujerar katako kusa da ƙofa. Duk wanda ya shigo cikin mutanenmu, kafin ya gaisa, sai ya ce, "Kyaftin, kama!" ya wurga masa abin da ke hannunsa. Lemo ne, makullin mota ne, kwalin ashana ne, hular wani ce aka fizge. Ba ya ko ɗago kai daga hira, hannu kawai za ka ga ya fita, caf. Akwai ranar da Tela ya jefa masa ɗanyen ƙwai don mugunta, ya cafe shi bai fashe ba, ya sa a aljihu ya ce an gode. Baƙo in ya gani sai ya saki baki, mu kuwa mu riƙa hura hanci kamar mu muka cafe.

Shekara uku ke nan da makulli ya fara faɗuwa ƙasa. Ranar farko dariya aka yi, aka ce wa wanda ya jefa hannunsa ne karkatacce. Mako na gaba lemo ya wuce ta gefen kunnensa ya doki kwalbar hoda, shi bai ko motsa ba. Nan ma mai jifan aka zaga. Ni ne na gane abin da ake ciki, don aikina ne ya nuna mini. Duk mai aski ya sani, in ka kawo reza kusa da gefen idon mutum, ko jarumin duniya ne sai ya ƙifta. Ina gyara masa saje ta dama ya ƙifta kamar kullum. Na zagayo ta hagu, reza na walƙiya dab da idonsa, ko gezau. Na ce ko hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Na ɗaga yatsu biyu na kaɗa a gefen fuskarsa, yana ta ba ni labarin tsadar taya. Sai na ajiye rezar na yi kamar zan sha ruwa.

Da ya tafi gida da yamma na tsayar da mutum huɗu, Tela, Malamin lissafi, mai kemis na kusa da mu, da wani direban tasi da ba ya fashin zuwa. Na gaya musu idon Kyaftin na hagu ba ya ganin gefe.

Mai kemis ya ce, "Wannan ai maganar asibiti ce. A gaya masa gobe-goben nan."

Tela ya taso masa. "Kai komai asibiti, komai asibiti, don a rubuto a zo a saya a wurinka! Tsufa ne. Wa ya kai shekarunsa da ido biyu garau?"

Ni kuma na faɗi maganar da har yau take hana ni sakewa. Na ce, "Ku tsaya. Mutumin nan fili ya tafi, kamfani ya tafi, gwiwa ta tafi. Hannun nan da idon nan su kaɗai suka rage masa. Wa zai dubi Danƙo ya ce masa ba ka gani? Ni dai ba da bakina ba."

Sai direban tasi ya ce, "To ai da sauƙi. A riƙa jefa masa ta dama."

Ka ji shawarar da dattawa biyar suka yanke, kowa da furfura a gemu. Washegari kafin ya iso na ɗauke kujerarsa na mayar ɗaya bangon, yadda ƙofa za ta koma ta hannun damansa. Na ce masa a nan fanka ta fi bugawa. Muka bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya muna raɗa musu: ta dama, kuma a tausasa hannu. Mai kemis ya yi ƙunƙuni kwana biyu, rana ta uku shi ma ya shigo ya jefa kwalin magani ta dama, aka cafe, ya yi tafi tare da kowa. Komai ya koma daidai. Har muna yaba wa kanmu, wai mun rufa wa babba asiri.

Bayan kamar wata biyu matarsa ta zo shagon. Ba ta taɓa taka ƙofata ba sai ranar. Mace ce mai kamun kai, ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare, in ta dube ka sai ka tuna duk rashin jin da ka yi kana yaro. Yaya nake ce mata. Ta shigo a bayansa riƙe da katin asibiti, ta gaishe mu, sannan ta dube ni.

"Ƙanena, wurinka na zo, don maganarka yake ji, tawa ta zama iska. Babansu yana karo da ƙyauren ɗaki. Yana zuba shayi a gefen kofi. Shekaranjiya ya sauka titi mai babur ya kusa kwashe shi, ya ce wai daga sama ya faɗo. Na karɓo masa kati wurin likitan ido sau biyu, ya ce shi ba inda za shi."

Danƙo ya yi dariya ya zauna a kujerarsa. "Kin ji ta fa. Makaho take so ta mayar da ni don in zauna mata a gida. To ga alƙali nan. Mai aski, jiya abu nawa aka jefo mini?"

Na ce, "Bakwai, Kyaftin."

"Nawa ya faɗi?"

"Ko ɗaya."

Ya buɗe hannu yana kallonta. "Kin ji? Makaho yana cafe makulli a sama?"

Ban yi ƙarya ba, bakwai ɗin ne, kuma ko ɗaya bai faɗi ba. Wannan shi ya fi ci mini rai, don da ƙarya na shirga da tun a ranar na san sunan abin da na aikata. Yaya ba ta kula shi ba, ni ta tsare da ido.

"Tsakaninka da Allah, kai da kake aske shi duk mako, ba ka ga komai a idonsa ba?"

Tela ya nutse cikin jarida, mai kemis ya tuna ya bar kanti a buɗe. Na dubi Danƙo, yana murmushi yana jiran in gama da ita, irin murmushin da ke cikin hoton nan na ranar kofi. Na ce, "Yaya, ni mai aski ne, ba likita ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta buɗe jaka ta jefa katin ciki ta ce, "Shi ke nan. Na gode." Ta fita, su Tela suka dawo da hira da ƙarfi fiye da kima, aka shiga labarin fenariti na biyu.

Daga nan duk lokacin da ta tayar da maganar asibiti, da mu yake rufe mata baki. Shi da kansa yake zuwa ya ba mu labari yana dariya, wai ya ce mata ta je shagon aski ta tambaya. Mu ma mu yi dariya. Kaico!

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, mun ga na daman ma yana tafiya. Ba wanda ya furta, amma hannayenmu sun sani. Da daga bakin ƙofa ake jifa, sai aka koma ana shigowa taku ɗaya. Bayan wata shida taku biyu. Kiran "kama" ma aka riƙa jan sa, a ba shi lokaci ya juyo da fuska tukuna. Aka daina jefa makulli, sai lemo, don ya fi girma kuma yana da launi. Har ta kai Tela yana tsayawa dab da gwiwarsa ya ɗan cilla masa abu kamar mai ba jariri, in ya cafe mu kaure da shewa, "Danƙo! Hannu ba ya tsufa!" Dattawan banza, har da ni. Yanzu da nake tunani na gane ba shi muke karewa ba. In Danƙo ya daina cafewa, to filin nan da gaske ya zama garejin motoci, mu kuma da gaske mun tsufa. Abin da muka kasa haɗiyewa ke nan, sai muka sa masa suna ladabi.

Haka muka ci shekara ɗaya da rabi.

Wanda ya fasa ƙwan baƙo ne, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Direban babbar mota ne, zai yi shekara hamsin, ya ajiye motarsa a tsohon filin, ya tambayi masu gadi ko gola ɗin nan na da yana raye. Aka kwatanta masa shagona, aka kuma ba shi labarin yadda muke gaisawa da Kyaftin, amma ba wanda ya gaya masa dokar. Ashe yana yawo da tsohuwar ƙwallon kurket a motarsa, wai Danƙo ne ya wurga ta cikin 'yan kallo ranar da suka ɗauki kofi, ta faɗo a cinyar mahaifinsa. Shekara arba'in yana ajiye da ita.

Da hantsi ne, ina tsakiyar aske wani. Na ga mutum ya tsaya a ƙofa, idonsa ya ciko da ƙwalla, yana kallon Danƙo kamar ya ga ubansa ya dawo. Kafin in buɗe baki ya ɗaga murya, "Kyaftin, kama!" Ya wurgo ta da gaske, yadda ake wurga wa gwani. Kuma ta dama ta zo, ta inda muka ce nan ne lafiya.

Danƙo ya juyo wajen muryar, ya ɗaga hannu biyu a inda babu komai. Ƙwallon ta same shi a kan gira, ƙarar kamar an buga taɓarya a turmi. Ya kife daga kujera, jini ya wanke masa fuska. Baƙon ya durƙushe yana salati, Tela ya ci kwalar baƙon zai kai masa duka, ni ina danna tawul a goshin Danƙo. A cikin hayaniyar nan muka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Ku sake shi. Jifansa daidai ne. Ni ne ban gan ta ba. Wallahi ban ga komai ba."

Direban tasi ya kai mu asibiti. Ɗinki biyar aka yi masa, kuma likitan da ya ɗinke shi ne ya tura mu ɓangaren ido a ranar. Yaya ta iso ta same mu a kan benci, ba ta ce da ni ci kanka ba. Da aka gama gwaje-gwaje likitar ido ta kira ta, Danƙo ya ce in shigo ni ma. Yarinya ce ƙarama likitar, ba ta san waye Danƙo ba, ba ta taɓa jin labarin fenariti ba. Ta ce abin da mutane ke kira hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe a hankali, ba ciwo ba raɗaɗi. Na hagu ya mutu tuntuni. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Za a ba shi maganin ɗigawa a riƙe abin da ya rage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Yaya ta tambaya, "Da mun zo bara fa?"

Likitar ta ce, "Mama, da kun zo bara da na daman nan da shi zai ƙare rayuwarsa yana karatu. Ɗigo ɗaya ne safe da yamma." Sannan ta ƙara da cewa, "Abin mamaki, ba wanda ya lura a gida ko cikin abokai?"

Na dubi takalmina.

Bai sake zuwa shagon ba. Mutanenmu suka yi ta sintiri gidansa mako biyun farko, kowa da ledar lemo, su zauna su ba shi labarin wasanninsa kamar shi ba ya wurin lokacin da aka yi. Daga baya ƙafa ta ɗauke, don zama da shi ya zama da nauyi. Tela ya ce ai ƙaddara ce, abin da zai samu mutum ba ya kuskure masa. Na ce masa ƙaddara ce, amma ba ita ta matsar da kujera ba. Mun yi wata ba ma gaisawa.

Ni sai da na yi mako uku kafin na iya ɗaukar jakar kayan askina na nufi gidan. Yaya ce ta buɗe ƙofa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta nuna mini baranda ta koma ciki. Yana zaune a kujerar roba, gashi ya taru, gemu ya yi buzu-buzu, tabon ɗinki a kan gira. Sai da ya yi ta juya kai kafin ya samo fuskata.

"Mai aski. Na zaci ka mutu."

"Ina nan, Kyaftin."

Na yafa masa ƙyalle na fara aiki. Na gama ƙeya, na koma gaba. A cikin gida ina jin kukan jariri, autarsa ce ta haihu, ta zo wurin uwarta da jinjirin. Ina shafa masa sabulu a gemu ya ce, "Zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka yi mini irin amsar da ka yi wa matata. Yaushe ka sani?"

Na so in ce kwanan nan. Bakina ya ƙi. Na gaya masa duka, rezar da bai ƙifta mata ba, taron mutum biyar, yadda muka bi mutane muna raɗa musu ta inda za su jefa. Na ce, "Mun ji tsoron kada ranka ya ɓaci ne, Kyaftin. Don muna son ka muka yi."

Sabulu ya fara bushewa a fuskarsa. Can ya ce, "Na sani kuna so na. Ai shi ya sa na yarda da ku na ƙaryata ta."

Hawaye suka zubo mini, na kasa riƙe rezar. Ya ji ina jan hanci.

"Jiya aka miƙo mini yaron nan," in ji shi. "Na riƙe shi da kyau, hannu dai yana nan. Amma sai da na bi fuskarsa kaɗan-kaɗan. In ga ido ɗaya, in matsa in ga hanci, in matsa in ga baki. Kowa na cewa da ni yake kama. Ban iya haɗa fuskar wuri ɗaya ba, kuma likita ta ce ba zan iya ba."

Na ce, "Ka yafe mini."

"Da ka gaya mini a ranar, da na zage ka tas. Da na yi wata guda ban taka shagonka ba, wataƙila biyu." Ya juyo da kai a hankali har ya same ni. "Zagin wata biyu ka ji wa tsoro, mai aski. Share idonka ka ƙarasa mini gemun nan, kada ka yanke ni."